Gwajin kalca: sun iya aikin, bayani ne ya yi musu ƙaranci

Duk wanda ciwon fitsari ke yi masa tafi-ka-dawo, ko yake jinyar mai irinsa, ya roƙi likita ya rubuta masa gwajin da ma'aikatan lab ke kira kalca, wato a tsirar da ƙwayar cutar a ga maganin da zai ci ta, kafin ya ƙara haɗiyar kafso ko ɗaya. Ni fitsarin Inna na kai, bayan ta sha Septrin ta sha Augmentin, zafin ya lafa ya sake tasowa. Aikin ya gamsar da ni, sai dai akwai inda suka gaza.

Tun a wurin karɓar kwalba na ga alamar sun san abin da suke yi. Matar da ke wurin ba ta miƙo mini kwalbar ba sai da ta tambaya: "Malam, tana kan wani magani yanzu?" Dalilinta kuwa, in an fara shan antibayotik kafin a ɗauki fitsarin, ƙwayar cutar na iya ƙin tsirowa, takarda ta fito babu komai alhali ciwon yana nan. Ta ce Inna ta yi tsarki, ta zubar da na farko, ta tari na tsakiya, a kawo cikin awa biyu.

Da na koma karɓar sakamako na nemi a nuna mini abin da aka yi, wani ma'aikaci ya ɗago ɗan faranti mai murfi ta bayan gilashi. An shafe shi da ƙwayar da ta tsiro daga fitsarin, E. coli, wadda ita ce ke haddasa mafi yawan ciwon mafitsara. A kai an jera ƙananan takardu zagayayyu, kowacce ɗauke da magani daban. Wasu an ga fili tas kewaye da su, ƙwayar ta kasa matsowa. Wasu kuwa ta tsiro har jikin takardar, ko gezau. Faɗin filin suke aunawa da milimita, su rubuta S in maganin yana kashe ta, R in ta bijire masa. Hanyar Kirby da Bauer ke nan, tun 1966 aka daidaita ta. Septrin da Inna ta sha, R ne a gabansa. Ta daɗe tana cewa jikinta ne ya saba da magani. A farantin nan na ga ba jikinta ba ne, ƙwayar ce ta daina ji, kuma irin wannan ƙwayar tana iya bi ta hannu ko ban-ɗaki ta shiga wanda bai taɓa shan maganin ba.

Jira akwai shi, kwana biyu zuwa uku. Ban ɗora musu laifi ba, sai ƙwayar ta kwana ta tsiro, sannan ta sake kwana da magungunan. Mai zazzaɓi da ciwon kwiɓi da amai ba ya zaman jira, likita kan fara masa magani da zarar an ɗauki fitsarin, ya sauya in sakamako ya nuna wani abu daban.

Inda suka ɓata mini rai shi ne wurin miƙa takardar. An naɗe ta an turo ta taga, babu ko "ka kai wa likitanka." Wani dattijo a gefena yana bin jerin S da yatsa yana tambayar wanne ne ya fi ƙarfi, zai je ya saya. Ba wanda ya tanka masa. Ai nan ne ɓarnar take! S ba umarnin saye ba ne. Likitan Inna ya tsallake allurai masu manyan sunaye ya zaɓi nitrofurantoin, tsohon magani tun shekarun 1950, saboda a fitsari yake taruwa kuma ya isa ga wannan ciwon. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa waɗannan magunguna gida uku: na farawa, na sa-ido, da na ajiya don ranar da sauran suka kasa. Duk wanda ya ɗauko na sama a kan ciwon da na ƙasa zai warkar, ya ba ƙwayoyin cuta damar koyon bijire masa. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 da bakteriya masu bijire wa magani suka kashe a 2019 kaɗai. Lab da ke ganin R a farantai kullum bai kamata ya sallami mutum da takarda ba tare da magana ɗaya ba.

Wanda zai je, ya tafi da sunayen magungunan da aka sha a baya, ko da fankon kwalayen ne. Mai mura da tari kuma kada ya wahalar da kansa, yawanci bairos ne, antibayotik ba ya taɓa shi, wannan gwajin ba nasa ba ne.