Kwana biyu a rumfar wani makanike a Magazin ɗin Suame

Wata 4 na yi ina fama da motata tana mutuwa a hanya kafin Allah ya haɗa ni da mutumin da zan yi magana a kansa. Ba zan kama sunansa ba don ban nemi izininsa ba, kuma dai a Magazin, unguwar makanikai ta Suame da ke Kumasi a Ghana, kowa Masta yake ce masa. Direbobi 'yan uwana na Aboabo da Asawase suna ta tare ni a bakin masallaci suna tambayar yadda aka yi motar ta warke, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda ya yi aikin, da abin da na biya, da inda ya ɓata mini rai.

Motar a-kori-kura ce mai shan fetur, ta haura shekara 15, kuma da ita nake ciyar da gidana. Kowane mako ina zuwa kasuwar Ejura in ɗauko masara, wani lokaci da doya. In zan tafi ma ba na tafiya wayam, masu shaguna sukan loda mini shinkafa da sabulu da man girki. Duk wanda ya san hanyar ya san hawan nan da ke gaban Jamasi kafin a kai Mampong, mai lanƙwasa da rami a gefe. A nan ta fara yi mini. Ina cikin giya ta biyu, ƙafata a kan totur, sai na ji ta yi sanyi kamar an riƙe ta ta baya, ta yi tari sau biyu, ta mutu. Yaron motata ya diro da gudu ya sa dutse a bayan taya. Muka zauna kamar minti 20, na murza makulli, ta tashi kamar ba ita ba.

Daga ranar abin ya zama jiki. Da safe lafiya lau take tashi, a cikin gari ma ba ta da laifi. Sai an yi tafiyar awa guda, inji ya ɗauki zafi, ga kaya ga hawa, sannan ta fara shaƙewa. Daga baya har a cunkoson Tafo ta mutu mini da rana tsaka, masu torotoro, wato motocin haya, suna ta danna mini ham.

Wuri 3 na kai ta kafin nan. Na farko ya ce fetur ne, ya tuna mini surutun da aka yi a ƙarshen 2023 kan sinadarin manganis a cikin mai, wanda har hukumar NPA mai kula da harkar man fetur ta fito ta yi bayani. Ya canza fulogi duka, aka wanke nozul. Na biyu ko bonet bai buɗe sosai ba ya ce famfon mai ne, na sayi sabo aka sa. Da ta sake mutuwa, na uku ya ce sabon jabu ne, gara na hannu, irin wanda a nan muke kira hom-yus. Na sake saya. A cikinsu babu wanda ya auna komai. Kuma ba na cewa macuta ne, domin alamun da na lissafa musu alamun famfo mai gajiya ne tabbas. Sai dai kuɗina ne suka tafi a kan zato, kuma mako biyu na rasa kasuwa, wani ya ɗauke mini masu ba ni kaya.

Wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon direban babbar mota, shi ya kama hannuna ya kai ni. Wanda bai taɓa shiga Magazin ba ba zai gane girmanta ba: layi bayan layi na injuna a ƙasa, masu walda, masu fenti, masu sayar da kayan gyara, ƙasa ta yi baƙi da tsohon mai. Rumfar Masta tana can ciki, kwano huɗu ne a kan ƙarafa da akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Ɗan zango ne, da Hausa muka yi magana tun daga gaisuwa.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne bai taɓa motar ba sai da ya yi mini tambayoyi kusan minti 10.

"Alhaji, in za ta mutu, farat ɗaya take ɗaukewa kamar an kashe makulli, ko sai ta yi ta ja da baya tukuna?"

Na ce sai ta ja da baya.

"Tanki cike ko ya yi ƙasa?"

Na ce duka biyun ta yi mini.

"To, Alhaji, ni ina karɓar kuɗin bincike daban, ko na gyara ko ban gyara ba. In ka yarda mu fara."

Sidi 300 ya ce. Gaskiya raina ya sosu, don ban saba biyan kuɗi a kan dubawa kawai ba. Dattijon ya dube ni ya ce, "Biya, ɗana." Na tura masa ta momo, wato kuɗin waya.

Ya fara jona na'urar karanta kwamfutar mota a ƙarƙashin sitiyari. Lamba ɗaya ta fito, P0171. Ya ce ma'anarta iska ta fi mai yawa a abin da inji yake ƙonawa, amma ba ta faɗin dalili: yana iya zama mai ne ba ya isowa, yana iya zama iska ce take shiga ta wata tsagaggiyar roba. Daga nan ya sa yaransa suka tura motar nesa da maƙwabcinsa mai walda, ya zare fiyus ɗin famfo, ya bar injin ya ci har ya mutu don ƙarfin man da ke cikin bututu ya sauka. Sannan ya kwance bututun ya jona geji, wani agogon auna ƙarfin mai, mai allura ɗaya da doguwar roba. Wannan kulawar ta kwanta mini, domin na sha ganin ana kwance bututun fetur yana feshi alhali tartsatsin walda yana tashi taku biyar daga wurin.

Ya mayar da fiyus, ya murza makulli bai tayar ba. Famfo ya yi ƙugi na daƙiƙa biyu, allura ta hau ta tsaya a bar 3.2 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin man). Ya ce injina yana son wajen 3.5. Ya tayar, a sulo ta zauna a 2.8. Ya zare 'yar robar iska da ke kan regileta mai daidaita ƙarfin mai, allura ta ɗaga kamar rabin bar, ya ce regileta tana aikinta. Ya kashe mota muka jira minti 10, allura ba ta sauka ba sai ɗan kaɗan, wato nozul ba sa ɗiga kuma mai ba ya komawa tanki ta cikin famfo. Na ce, "To Masta, ai ka ga komai lafiya." Ya ce, "A tsaye lafiya. Ciwonta a hanya yake, can za mu bi ta."

A nan na san na zo wurin mai aiki. Ya aro tsofaffin injuna biyu daga maƙwabta aka ɗora a baya don nauyi, ya zaro gejin ta gefen bonet ya manne shi a gilashin gaba da salatif, ya zauna kusa da ni muka kama hanyar Offinso. Rabin awa na farko ba abin da ya faru. Yana ta nuna mini cewa in na taka totur sosai, allura hawa ya kamata ta yi zuwa 3.5, don a lokacin inji ya fi bukatar mai. Da muka yi nisa, a wani ɗan hawa, na taka, sai na ga allura ta yi ƙasa maimakon sama. 2.5, 2, ta gangara har 1.5, kuma daidai lokacin na ji sanyin nan da na sani a ƙafata. Wata 4 ina jin abin a jikina, ranar na gan shi da idona. Na ce shi ke nan, famfo na uku. Ya girgiza kai ya ce, "Famfo biyu ba sa yin ciwo iri ɗaya a wuri ɗaya. Mu tambayi abin da yake ba su abinci."

A gefen titi, motar da zafinta, ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi da mitar lantarki. A kan batir, inji yana aiki, wuta bolt 13.9 ce. A bakin soket ɗin famfo, tsakanin wayoyinsa biyu, 9.6 ya samu. Sai ya ɗauko doguwar waya ya ɗaura a kan ƙafar batir ta baƙar waya, ya sake auna wayar da ke kawo wuta da ita: 13 da ɗoriya. Wato wuta tana isowa lafiya, hanyar komawarta ce ta lalace, wayar nan da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota wadda suke kira at. Ya ce in sa kunne. Ya taɓa doguwar wayar a kan wayar at ta famfo, nan take kukan famfon ya canza, daga gurnani ya koma siririn sauti mai ƙarfi, allura kuma ta yi tsalle. Ya ɗage, ta faɗo. Ya mayar, ta hau. Sau uku ya yi mini haka. Da wannan wayar ta aro muka dawo Suame, motar ko tari ba ta yi ba.

Washegari suka kwance notuna suka ɗaga bodin baya don a kai ga saman tanki. Wayar at ɗin tana ɗaure a jikin shasi ba nisa da salansa. Da ya kwance notin, kan wayar ya ruguje a hannunsa, tsatsa ja da wani kore-kore kamar gansakuka, silin tagulla uku ko huɗu kawai suka rage a riƙe. Soket ɗin famfon ma ƙafarsa ɗaya ta yi baƙi, robar gefenta ta narke ta lanƙwashe. Duk wanda ya canza mini famfo sai da ya zare wannan soket ɗin ya mayar da shi da hannunsa. Masta ya ce haɗin da ya yi tsatsa yana hana wuta wucewa, wurin sai ya yi zafi, zafin kuma ya ƙara hana ta wucewa, ga na salansa a kai. Famfon da ba ya samun cikakkiyar wuta a hankali yake juyawa. Man da yake turawa ya isa sulo da yawon cikin gari, amma ba ya isar inji mai jan kaya a kan dutse. In an tsaya minti 20 wurin ya huce, sai ta tashi.

Ya yanke wayar ya sa sabon kai, ya goge shasi da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, ya ɗaure ya shafa giris. Ya canza soket. Tunda an riga an buɗe, ya zaro famfon ya nuna mini rariyar da ke bakinsa, ta yi ruwan ƙasa da laka, aka wanke tanki aka sa sabuwar rariya da sabon filta. Famfon hom-yus ɗin nan shi aka mayar, lafiyarsa ƙalau. Ya kuma ja mini kunne kan yawo da mai a gindin tanki, domin fetur ɗin ne yake sanyaya famfo, kuma ni na san ina da wannan halin in kasuwa ta yi nauyi. Kayan duka da kuɗin aiki ba su kai kuɗin famfo ɗaya daga cikin biyun da na saya ba.

Yanzu inda ban ji daɗi ba. Mutumin ba ya ɗaukar waya. Ranar ta biyu ya ce in zo ƙarfe 8, bai iso ba sai wajen 11, kuma yaransa ba sa taɓa komai in ba ya nan, don haka na zauna a kan tsohuwar taya rana tana dukana, ga buhunan mutane suna jirana. Aikin da zai ƙare kafin azahar sai da ya kai mu bayan la'asar. Wajen mayar da bodi yaran suka fasa mini murfin fitilar baya ta hagu, ba wanda ya faɗa mini, sai a gida na gani. Da na koma ya ba ni haƙuri ya biya rabi, amma na so a ce tun a wurin aka gaya mini. Ba ya ba da rasit, ba ya rubuta abin da ya auna. Lambobin da na kawo a sama ni na rubuta su a bayan kwalin filta, don na ga suna da amfani in wani abu ya sake tasowa. Mai aiki irin wannan ya kamata a ce yana da littafi.

Wani abokina mai motar dizal ya ce zai kai tasa. Na tambayar masa, Masta ya ce in irin na zamani ce ba ya taɓawa, domin ƙarfin man da ke bututunsu yana haura bar 1,000, gejinsa ba zai ɗauka ba, kuma feshinsa yana iya huda fatar mutum. Ya faɗi layin da masu wannan aikin suke. Na ji daɗin da bai karɓi abin da ya fi ƙarfinsa ba.

Ga mai motar fetur da take mutuwa in ta yi zafi, ko take rasa ƙarfi a hawa, musamman wanda aka riga aka canza masa famfo abin bai tafi ba, ina ba da shawarar wannan rumfar ba tare da shakka ba, in dai zai iya haƙurin jira. Sidi 300 ɗin da na yi ta ƙorafi a kansu a raina su ne kuɗin da suka fi yi mini amfani a duk wata huɗun. Sabon famfon da aka ce jabu ne yana nan a akwati a ɗakina, Masta ya gwada shi a bokitin kananzir ya ce in ajiye, lafiyayye ne.

Tafiya 7 na yi zuwa Ejura tun daga lokacin. A ta farko, da muka wuce Jamasi muka fuskanci hawan, na ga yaron motata ya matsa bakin ƙofa ya riƙe marfin, yana shirin dirowa neman dutse. Muka haye har sama a giya ta biyu, da buhun shinkafa 12 a baya, bai sauka ba sai a Mampong da muka tsaya shan koko.