GARGAƊI: mai tallan akwamarin a hoto ya cinye min naira 650,000

Jama'a don Allah duk wanda yake harkar duwatsu masu daraja ya karanta wannan ya tura wa na kusa da shi. Akwai wani mutum da yake yawo a guruf-guruf na 'yan ma'adinai a Facebook da WhatsApp yana saka hoton dutse shuɗi yana rubuta akwamarin (wani dutsen ado ne mai tsada), wai daga Nasarawa Eggon, kai tsaye daga bakin rami. Ɗan damfara ne. Naira 650,000 ya karɓa a hannuna, dubu ɗari shida da hamsin, kuma dubu 200 a ciki ba ma tawa ba ce ta ƙanin matata ce, har yanzu na kasa haɗa ido da yaron.

Kuma kafin wani ya fara ce min ai kwaɗayi ne, ni ba baƙo ba ne a harkar nan, a Jos na koyi sana'ar. Na san akwamarin, na san ƙirarsa gefe shida ce doguwa kamar fensir, na san taurinsa 7.5 zuwa 8 ne a ma'aunin Mohs, wato ma'aunin taurin duwatsu, wuƙa ba ta kama shi, shi ne ma yake karce gilashi. Kuma Nasarawa Eggon ana samun akwamarin da gaske, ba wani gari ya ƙirƙiro ba. To me zan zarga?

Shi ya sa ban tsaya a hoto ba, na ce sai mun yi bidiyo kol. Muka yi. Ya ɗauko dutse guda ɗaya, ya juya min shi a rana, na ƙirga gefen da idona shida cif, ya ɗauko kwalbar lemo ya ja dutsen a jikinta ya bar layi. Na gani, wallahi na gani. Sannan ya ce "Alhaji tsakani da Allah in na cuce ka kar in gama da duniya lafiya, ni ma iyali gare ni." Wannan maganar ita take ta dawo min ko ina sallah. Ya ja dutsen a kwalba, layi ya fito, ya kalli kyamara ya yi rantsuwa, ni kuma na buɗe waya na tura. Wa zai ga haka bai yarda ba?

Af, kafin nan ma ya rubuta sunana a takarda ya ajiye kusa da ledar duwatsun ya ɗauki hoto. Ko kuwa bayan na tura kafin alƙalamin ne ya yi hakan, ban tabbata ba, kaina ya ɗauki zafi, zan duba lokacin a wayata. Dubu 400 na fara turawa, sai 250 da ya turo hoton motar da ya ce ya ba direbanta saƙon. Jimla 650,000.

Saƙo dai ya iso tasha, ya sha salatif. Da na buɗe na ga launin ya yi daidai amma babu guda ɗaya mai gefe shida, duk gutsattsari ne. Na kwasa na kai wa ubangidana wanda ya koya min sana'a, dattijon bai ce komai ba ya zaro 'yar wuƙarsa ya ja a jikin ɗaya, nan take ta bar layi fari har da gari. Ya ce "Ɗana wannan fulorayit ne, wani dutse ne daban, taurinsa 4 ne kawai, dubi yadda yake tsagewa shafal shafal." Sauran kuma ya sa ɗan madubinsa na ƙara girma ya miƙo min, na leƙa, ƙwayoyin iska ne zagaye a ciki, ga bakin ya fashe da lanƙwasa. Gilashi ne. Fasasshen gilashi jama'a, na 650,000.

Da ma a ce tofaz shuɗi, wani dutsen ado mai kama da akwamarin, ya turo min da na ce wataƙila shi ma ruɗewa ya yi, don a hoto tofaz da akwamarin suna rikita har manya, sai ka ɗauka a hannu ka ji tofaz ya fi nauyi, in an gwada da nauyin ruwa shi wajen ninki 3.5 ne akwamarin kuma wajen 2.7. Amma gilashi? Wannan zama ya yi ya fasa ya zuba a leda da hannunsa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne hoton farko da ya ja ni, dutse tsaye shar a kan maika, wani ma'adini mai walƙiya. Ɗan wana ne ya saka shi a Google Lens, manhajar nan mai binciko hoto a intanet, sai ga shi ya fito a shafin wani mai sayarwa na ƙasar waje, dutsen Pakistan ne daga yankin Gilgit-Baltistan, mutumin nan ya yanke rubutun ƙasa ya liƙa nasa kawai. Na bidiyon kuwa ina kyautata zaton na gaske ne, guda ɗaya tak yake da shi yana nuna wa kowa, shi ne ƙugiyarsa. Na kira shi ya ɗauka ya ce direba ne ya canza kaya, in ba shi zuwa bayan la'asar, bayan la'asar na tarar ya yi min bulok, lambar direban kuma tun ranar a kashe take.

Hoto ba ya nuna tauri ba ya nuna nauyi, jiƙa dutse da ruwa ko haska shi ta baya kuma yana canza masa launi. Kar ku tura ko sisi sai kaya ya shiga hannunku kun gwada, in kuɗin da yawa ku kai ɗakin gwajin hukumar binciken ƙasa da ke Kaduna.

Sikirinshot na hirarmu, alat guda biyu, hoton Pakistan ɗin gefe da nasa, da bidiyon wuƙar ubangidana duk suna nan zan saka su da daddare in na rufe lambobin da ba su da laifi. Na riga na kai ƙara wajen 'yan sanda da banki. Duk wanda ya taɓa tura masa kuɗi ya yi min magana ta inbos mu haɗa takardunmu, don tun safe mutum biyu sun ce irin kwalbar lemon nan ya nuna musu.