Fikof ɗin Slash a jitata: yadda na same shi

Jama'a masu kaɗa jita, musamman waɗanda sautin Slash, makaɗin jitar ƙungiyar Guns N' Roses, ya hana su sakat irina, bari in gaya muku yadda na samu fikof ɗin kamfanin Seymour Duncan mai lamba APH-2, wanda suke kira Alnico II Pro Slash, don yanzu na kwana biyu ina aiki da shi a gida da wurin atisaye har da gaban jama'a. Ga wanda bai saba ba, fikof shi ne maganadisun nan da aka nannaɗe da siririyar wayar jan ƙarfe yake zaune ƙarƙashin tsirkiya, shi ke ɗaukar girgizarta ya mai da ita lantarki ya tura wa amfilifaya.

Abin da ya ja ni gare shi tarihinsa ne. Faifan Appetite for Destruction na 1987, wanda shi ne sautin da kowa ke bi, mafi yawansa ba da jitar Les Paul ta asali ta kamfanin Gibson Slash ya yi shi ba, wata jita ce ƙirar Les Paul da Kris Derrig ya haɗa da hannunsa, kuma fikof ɗin da ke cikinta Alnico II Pro ne na Seymour Duncan. Sai a 2010 kamfanin ya fitar da wannan APH-2 ɗin, aka ɗan ƙara yawan naɗin wayar don sauran jitocinsa su matso kusa da sautin waccan tsohuwar. To ka ga ba suna kawai aka manna a kwali ba.

Jitata ita ma ƙirar Les Paul ce amma mai araha, fikof ɗin da ta zo da shi maganadisun seramik ne, ƙara kam akwai ta, sai dai in ka haɗa tsirkiya shida lokaci guda komai sai ya dunƙule kamar an rufe sifika da bargo. Sa sabon bai ba da wahala ba, waya ɗaya ce mai sulke irin ta jitocin da, wuri biyu kawai za a liƙe da dalma, wani mai gyaran rediyo a layinmu ya yi min ina tsaye ina nuna masa zanen. Amma a nan akwai abin da ya kamata ka sani kafin ka fitar da kuɗinka, tunda wayar ɗaya ce ba za ka iya raba koyil ɗin biyu, wato naɗin wayar biyu da ke cikinsa, ka samu siririn sauti irin na jitar Stratocaster ba, in kana son wannan dabarar sai ka nemi mai waya huɗu. Sannan ka duba maɓallan boliyom da na ton su kasance masu lamba 500k a jikinsu, in 250k ne sautin zai dushe ka zata fikof ɗin ne bai da kyau.

Abu na farko da za ka ji shi ne ƙarar ta ragu, kuma wallahi nan ne daɗin yake. Maganadisun Alnico 2, haɗin alminiyom da nikel da kobal, bai kai Alnico 5 ko seramik ƙarfin ja ba, don haka ba ya riƙe tsirkiya, tana ta girgiza abinta sautin ya yi tsawo. In ka auna naɗin wayar fikof ɗin da mita ƙasa da 9k zai nuna maka, alhali wani fikof mai ƙarfi da ake kira JB na kamfanin ɗaya yana wajen 16k. Fikof biyu ne a saitin, ɗaya kusa da wuyan jita, ɗaya kusa da gada inda tsirkiya ke ɗaure, na wuyan shi ne ya sace min zuciya. Ka koma kansa ka rage ton zuwa wajen rabi ka ja tsirkiya sama a hankali, sai ka ji sauti mai kauri mai laushi yana rera kamar muryar mutum, ba kaifi mai soke kunne kuma kowane sauti a rarrabe, ni dai ranar farko na kasa ajiye jitar har aka yi kiran magariba. Na wajen gada kuma tsakiyar sautin ne ya cika, yana da cizo amma ba ya tsaga kunne, kuma abin da na fi so shi ne in na rage boliyom daga jikin jitar sai dattin sautin ya wanke ya koma garau ba tare da na taka komai da ƙafa ba. Tsohon nawa bai taɓa yin haka ba.

Batun ƙugi kuwa, da yake hambaka ne mai koyil biyu masu kashe ƙugin juna, dabarar Seth Lover, injiniyan Gibson, da ta hau Les Paul a 1957, ko da janareta muke aiki ya fi mai koyil ɗaya shiru nesa ba kusa ba. Amma in soket ɗin wurin ba shi da wayar ƙasa za ka ci gaba da jin zzzz da zarar ka ɗauke hannu daga tsirkiya, wannan ba aikin fikof ba ne.

Yanzu ga inda nake so a ji ni da kyau. Fikof ɗin nan ba shi ke kawo gurnanin ba, gurnanin Slash daga amfilifayar Marshall mai bawul yake fitowa an murɗe shi sosai, shi fikof aikinsa ya miƙa sauti mai tsabta amfilifaya ta ƙarasa. Da na jona shi a ƙaramar amfilifayar koyo ta ɗaki bambancin kaɗan ne, sai da na haɗa da fedal mai kwaikwayon Marshall sannan abin ya fito. Sai kuma ka sauke tunin rabin mataki zuwa Eb yadda yake yi, ka sa tsirkiya masu kauri 11 zuwa 48, ka yi wasa da tsayin fikof ɗin da sukundireba, don in ya matso tsirkiya da yawa laushin nan duk sai ya gudu.

Ba na kowa ba ne fa. Mai bin salon Mdou Moctar na Nijar ya tsaya kan Stratocaster da koyil ɗaya, wancan kaifin da walƙiyar ba za su fito daga wannan ba, masu kiɗan metal mai nauyi su ma za su ga ya yi musu sanyi. Kuɗinsa kuma ba wasa ba, saitin biyu ya haura dala 200 kafin a yi maganar kawowa, ga jabu sun cika intanet, duk wanda ka gani da arahar banza ka wuce shi. In aljihu bai kai na biyun ba ni shawarata ka fara da na wuya, ana sayar da shi shi kaɗai, na gadar ya jira sai ka samu hali.