Wasiƙa daga Gilasgo zuwa Daura: hoton bana da na bara

Yaya, bayan gaisuwa, a miƙa min ita ga Inna da yara. Kin tambaye ni abin da ya fi burge ni a ƙasar nan. Ba kantunansu ba ne. Tattasansu bai kama ƙafar na kasuwar Daura ba, gero kuwa sai a shagon 'yan Afirka, da ɗan karen tsada. Asibitinsu ne.

Shekara uku ke nan da aka gano ina da ciwon da suke kira MS. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta cinye rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kamar yadda ɓera ke gwigwiyar robar wayar lantarki. Shi ya kawo dishi-dishin idon nan da mutuwar ƙafa da Inna ta ɗauka iska ce. Ya fi kama mata 'yan shekara 20 zuwa 40, kuma Sikotilan ɗin nan da nake zaune na cikin inda ya fi yawa a duniya.

Duk shekara sai an tura ni cikin na'urar MRI mai ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Da maganaɗisu take aiki, don haka nakan cire 'yan kunne da fil ɗin mayafi, har kwalli sai na goge. Ina kwance ba motsi kusan minti 40, tana ƙara kamar injin niƙa, ni kuma ina salati a zuci. Wani zubin su yi min allurar gadoliniyam, mai sa tabon da ke ci a lokacin ya haska.

Bayan nan likita takan jera hoton bana da na bara a kwamfuta, tana bin fararen ɗigon, wato tabon ciwon, ɗaya bayan ɗaya. Bara ta ga sabbi biyu, alhali lafiyata lau nake ji, ta canja min magani tun ƙafar ba ta sake mutuwa ba. Bana babu sabo, alhamdu lillahi. Wallahi wannan jerawar ta fi min na'urar kanta.

Kada ki ce kyauta ne: fam 1,035 muke biya na lafiya duk shekara tare da biza, ga jira na watanni. A gida mai kuɗi ya fi mu saurin samun hoton, sai dai hoton yakan ƙare a ƙasan katifa, likita na gaba ya fara daga farko.

Don Allah faifan hoton da aka ɗauki 'yarki a Kano ki adana shi da takardarsa. In hannun ya sake yin nauyi, ki kai ta wurin likitan jijiyoyi da shi a jaka.