Zoom H1n: rakoda don ɗaukar shaidar waɗanda suka tsira daga kisan kiyashi

Ɗaliban tarihi a Jami'ar André Salifou ta Damagaram sukan tambayi rakodar da ta dace da hira da dattawa. Mun auna Zoom H1n da aiki mafi wuya a wannan fanni: muryar wanda ya ga kisa da idonsa.

Ɗauki misalin Burundi. A 1972, zamanin shugaban ƙasa Michel Micombero, bayan tawayen da ya ɓarke a kudu ranar 29 ga Afrilu, sojoji suka bi 'yan Hutu masu ilimi, malamai da ɗalibai da ma'aikata, suka kashe sama da mutum 100,000. Can ana kiran abin Ikiza. Waɗanda suka tsere zuwa sansanonin Katumba da Mishamo a Tanzaniya yau tsofaffi ne. Irin wannan mai shaida ba ya ɗaga murya. Yakan yi ƙasa-ƙasa in ya zo kan sunan ɗan'uwansa, ya yi shiru, wani lokaci kuka ya ƙwace masa.

A nan H1n ta ci kuɗinta, amma da sharaɗi. Kashe maɓallin AUTO LEVEL mai daidaita sauti da kansa, don yana wasa da ƙarfin sauti, shirun da ke cikin shaidar ya cika da shuuu. Murɗa ƙarfin da hannu, ka kunna LIMITER, mai hana sauti wuce iyaka, saboda kukan ba-zata. A tsarin ajiye sauti zaɓi WAV 48kHz/24-bit. Awa ɗaya na cin kusan giga 1, katin microSD kuwa iyakarsa giga 32. MP3 ka bar wa labarin rediyo.

Aibinta babba jikin roba ne. Ko yatsa ka motsa sai ƙarar ta shiga, balle hannu mai rawa. Ɗaura ta kan 'yar ƙafa uku, kamar kamu ɗaya daga bakin mai magana, a ɗan karkace.

Iskar hunturu kuma abokiyar gaba ce. Ba soson tare iska a kwalin, sai an saya daban, kuma ko da shi, a zaure a unguwar Birni gara a tura ƙyaure a sa LO CUT, mai rage rugugin iska. Fanka a kashe, a sha zafi.

Pil biyu ƙanana AAA na kai kusan awa 10 in alkalin ne. Na arha na bakin Kasuwar Dole sukan mutu tsakiyar magana, dattijo kuwa ba a ce masa "Baba, maimaita." Sa sababbi kafin kowace hira.