Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: yadda na nemi a cire min fata kyauta a Ingila

Kilo 138 gare ni ranar da aka shiga da ni ɗakin tiyata a watan Fabrairun 2019, aka yanke kusan kashi uku cikin huɗu na jakar cikina don in rage cin abinci. Tsawona mita 1.65 ne, ma'aunin BMI nawa, wato lissafin nauyi da tsawo da ake gane ƙiba da shi, ya haura 50, ga hawan jini, ga suga ya fara leƙowa, ga gwiwoyin da suka hana ni sallah a tsaye. A tsarin lafiya na gwamnatin Ingila, wato NHS, wanda BMI nasa ya kai 40, ko 35 in yana da ciwo irin suga ko hawan jini, ana iya duba shi don wannan aiki. Ko sisi ban biya ba, kuma a nan babu abin da zan ce sai godiya. Sharhina a kan abin da ya biyo baya ne, wato neman a cire fatar da ta zubo bayan na rame, saboda matan da suke yawan tambayata a ɓoye, musamman yanzu da allurar rage ƙiba ta zama yayi.

Zuwa ƙarshen 2020 na sauka a kan kilo 76. Hajiyarmu da ke Zariya ta ganni a waya ta dafe ƙirji ta ce, "'Yar nan, ko dai mijin naki ya daina cefane ne?" Cikin doguwar riga kowa sai ya ce ma sha Allah. Ni kaɗai na san abin da rigar ta rufe. Fatar cikina ta zubo kamar buhun da aka zazzage, ta rufe mara, ta sauko har saman cinya. In zan yi wanka sai na ɗaga ta da hannu ɗaya kamar mai ɗaga labule, in cuɗa da ɗayan. In na fito in kwanta rigingine, in kunna na'urar busar da gashi a iska mai sanyi, in bi ƙarƙashin fatar har ta bushe. Duk da haka, da zafi ya shigo wurin sai ya yi ja, ya tsage, ya riƙa tsattsafo da wani ruwa mai wari. Aikina kula da tsofaffi ne, awa 12 a tsaye, durƙusa nan, ɗaga can. Kafin azahar na jiƙe, kuma kullum ina cikin kokwanton tsarkin kayana.

Me na yi? Abin da kowace 'yar Hausa za ta yi. Na shiga kantin magani na sayi mayukan shafawa na Canesten da Sudocrem, na yanyanka wani tsohon zanin atamfa ina cusawa a ƙarƙashi yana tsotse gumi, na ja bakina na yi shiru. Kusan shekara guda ban buɗe wa likita wurin ba. An raine mu a kan dauriya da kunya, kuma a gida abin yabo ne. A nan su suka fara kayar da ni.

A ƙarshen 2021 na yi ta maza na kira likitan unguwa, wanda ake ce wa GP, da ƙarfe takwas na safe kamar yadda kowa ke rububi. Minti goma ake ba mutum. Likitar ta saurare ni da kyau, ta kuma gaya min gaskiya: cire fata bayan rama yana cikin ayyukan da ake lissafawa a kwalliya, NHS ba ta biya kai tsaye. Kowane yanki yana da nasa sharuɗɗan, kuma wanda bai cika su ba sai likitansa ya rubuta wata takarda da suke kira IFR, yana roƙon a biya wa mutum ɗaya saboda yanayinsa ya fita daban da na sauran. Marar lafiya ba ya rubutawa da kansa. Kwamitin da zai yanke hukunci kuma ba zai taɓa ganin fuskarki ba, takarda kawai yake karantawa.

Bayan mako bakwai wasiƙa ta zo: ba a amince ba. Dalili uku suka kawo. Nauyina bai yi shekara biyu a tsaye wuri ɗaya ba. BMI nawa 27.9 ne, iyakar yankinmu kuma 27. Sannan babu shaida a fayil cewa wurin yana yawan ruɓewa har magani ya gaza. A ƙasa suka ƙara da cewa damuwar zuciya ba ta mai da mutum na daban, tunda kusan duk wanda ya rame haka yana fama da ita. A mota na karanta, na yi kukana na share hawaye, na shiga aiki.

Da na huce, dalili na farko na karɓe shi: wanda nauyinsa ke hawa da sauka, in an yanka, fatar za ta sake sakewa. Na ukun ma laifina ne. Amma na biyun har gobe ban yarda da shi ba. Don in kai 27 sai na koma kilo 73 da rabi, alhali fatar da nake roƙon a cire tana cikin abin da sikeli yake aunawa. Kamar a ce wa mai ɗauke da tulu sai ta yi sauƙi kafin a sauke mata tulun. Abin da ya ƙara min takaici, wata abokiyar aikina da gidanta bai fi tafiyar minti 40 daga nawa ba, an yi mata da BMI 29, don yankinsu iyakarsa 30. Haraji ɗaya muke biya, adireshi ne kawai ya raba mu.

Na leƙa asibitin kuɗi, suka ce fam 8,500. Daga nan wayata ta cika da tallan Istanbul, ƙasa da rabin wannan kuɗi, har da otal da motar ɗauka daga filin jirgi. Sai da zuciyata ta raya min. Maigida ya ce, "Maman yara, in ɗinkin ya buɗe bayan kin dawo, wa za mu kama?" Ita kanta gwamnatin Birtaniya tana gargaɗi a kan zuwa Turkiyya tiyata saboda akwai 'yan ƙasar da suka rasu a can. Na haƙura. Na kuma tambayi malaminmu ko wannan canza halitta ne, ya ce cire abin da yake cutarwa magani ne, in yi niyyar neman lafiya.

Wadda ta buɗe min ido wata nas ce, dattijuwa 'yar zangon Kumasi, da muka haɗu a wajen suna. Na ɗan gutsura mata labarin, ta dube ni ta ce, "Ƙanwata, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mutanen nan abin da ba ya cikin fayil, a wurinsu bai faru ba. Ki daina yi wa kanki magani."

Haka na yi. Duk lokacin da wurin ya tashi, sai in je a gani da ido, a rubuta. Cikin wata 14 na je sau shida; sau biyu aka goga auduga aka kai gwaji, sau biyu aka ba ni ƙwayoyin kashe cuta. Kowane wata ina hawa sikelin asibiti, ba na gida ba, a shigar da lambar a kwamfuta. Na karɓi wasiƙa daga wurin aiki mai nuna ranakun da na kasa zuwa. Azumin 2022 ya taimaka na sauka zuwa 73, na kuma riƙe. Mafi wuya shi ne hoto. An tura ni sashen ɗaukar hoton marasa lafiya, na nemi mace, aka ba ni ba tare da musu ba, har da wata nas a gefe. Na sa hannu a takardar yarda, na tsaya gaban wani kyalle shuɗi da ɗan kamfe kawai. Ta ce in juya gefe, in ɗaga fatar da hannu biyu, in saki. Ƙarar sakin nan, fal, a ɗakin da ya yi tsit, ba zan manta ba. Ni da ko a gaban ƙanwata ba na tuɓewa. Amma matar ta yi aikinta cikin mutunci, fuskata ba ta shiga hoto ko ɗaya ba.

Ana cikin haka, a Yulin 2022 aka rushe tsofaffin hukumomin lafiya na yankuna aka kafa sababbi guda 42 da ake kira ICB, sai da likitata ta sake nemo sabon fom. Muka tura a Fabrairun 2023, a Afrilu amsa ta zo: an amince. Sai dai a karanta da kyau abin da aka amince da shi. Labulen fatar ciki kaɗai za a yanke. Babu ɗaure naman ciki kamar yadda ake yi a asibitin kuɗi, babu damtse, babu cinya, babu nono.

Jira kuma wani babi ne. A takarda, manufar ita ce a fara yi wa mutum magani cikin mako 18 daga ranar da aka tura shi. Ni wata 13 na yi, shekarar kuma ta zo da yajin aikin likitoci. Sau ɗaya an sa rana, na shirya jaka na nemi mai riƙe yara, ana gobe aka kira aka ce babu gado.

A Mayun 2024 aka yi. Da safe likitan ya tsayar da ni ya zana cikina da alƙalami kamar tela zai yanka yadi. Na farka da robobi biyu suna janye ruwa daga ciki zuwa 'yan kwalabe. Kwana uku na yi a asibiti, kuma kulawar da na samu ba ni da ƙorafi a kanta ko kaɗan: abincin halal, maganin zafi a kan lokaci, nas-nas masu haƙuri. Mako biyu ina tafiya a duƙe kamar tsohuwa, ina sallah a zaune. Mako shida ina ɗaure da ɗamara, ban koma aiki ba sai bayan nan. Ruwa ya taru a ƙarƙashin ɗinkin, sau biyu aka zuƙe shi da allura. Tabon ya tashi daga wannan ƙugu zuwa wancan, da 'yan kunnuwa a ƙarshensa, kuma har yau akwai wurin da in na taɓa ba na ji.

Fatar da aka cire an auna ta: kilo 4.1. Ke nan ranar da aka ƙi ni a kan 27.9, in aka ɗebe ta, ina wajen 26.4.

In za a tambaye ni maki, likitoci da nas-nas sun ci tara cikin goma. Hanyar isa gare su kuwa da ƙyar ta ci huɗu: shekara biyu da rabi daga roƙon farko zuwa wuƙa, kuma wadda ba ta iya Turanci sosai ba, ko ba ta da likita mai naci irin tawa, ina jin a wasiƙar farko za ta tsaya. Warin ya tafi, tsummokaran atamfa na zubar, ina sujada ba tare da tunanin komai ba. Damatsana suna nan suna lilo, sai dai in ce wa tela ya faɗaɗa hannun riga.

Abu ɗaya da likitan ya gargaɗe ni tun kafin aiki shi ne, fatar ta yi yawa, mai yiwuwa cibiya ta tafi tare da ita. Ta kuwa tafi. Cikina yanzu sumul yake kamar bayan faranti. Da na gaya wa Hajiya, ta yi shiru har na ɗauka layin ya yanke, sannan ta ce, "To, ta farkon dai mun binne ta a bayan ɗaki a Tudun Wada. Wannan kuma ina Turawan suka kai ta?"