Wata tara da sake wayarin ɗin kicin ɗinmu da fayif ɗin ƙarfe

Mutane da yawa sun tambaye ni ya aikin ya kasance, na ce bari a ɗan kwana biyu tukuna, don shi aikin wuta ba ranar da aka gama ake yabonsa ba. Yanzu wata tara kenan.

Gidan abinci gare ni, kuma wayarin ɗin da na tarar a kicin ɗin na fayif ɗin roba ne, PVC, an bi da shi ta saman bango har ta bayan obin da wajen suya. A ɗaki ko ofis ba shi da laifi, amma kicin ɗin da ake aiki tun asuba har dare wani abu ne daban, ga zafi ga tururi ga maiƙo, ga ruwan da yara ke watsawa kullum in sun zo wanke ƙasa. Fayif ɗin bayan obin ya yi laushi ya lanƙwashe ya saki daga maɗaurinsa, bireka kuma, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa in an samu matsala, sai faɗuwa take ana tsakiyar aiki. Ranar da wata yarinyata ta taɓa teburin ƙarfe ta ce ta ji shokin, wallahi ban yi barci ba, washegari na nemo mai aikin wuta.

Abin da ya fara burge ni da shi, bai yi maganar kuɗi ba sai da ya zagaya ya rubuta ƙarfin kowace na'ura. Ya ce robar jikin waya ta yau da kullum digiri 70 aka yi ta ta ɗauka, in kuma ka cusa wayoyi da yawa a fayif ɗaya suna dumama juna, ga zafin kicin a kai. Da ya zaro tsohuwar wayar ya nuna min, robar ta bushe ta yi tauri, yana lanƙwasawa tana tsagewa.

Fayif ɗin ƙarfe da ba ya saurin tsatsa ya sa, wanda aka shafe da zinki, mai milimita 20 da mai 25. Ni da farko na ga kamar ɓarna ce, fayif ga fili a ciki amma ya ƙi ƙara waya, ya ce kada wayoyi su wuce kashi 40 cikin 100 na cikinsa, saura na iska ne da sauƙin ja. Duk inda ya yanka sai ya goge bakin ya yi sumul don kar ya yanki waya, kuma in kwana ta yi yawa sai ya sa akwati a tsakani maimakon ya ja da ƙarfi. Obin layinsa daban da makunninsa a inda hannu zai kai ba sai ka miƙa ta kan wuta ba, firiza ma nata daban, ya ja wayar atin mai kore da ɗorawa, wadda ke kai wutar da ta kauce hanya zuwa ƙasa, a kowane layi, soket-soket kuma ya ɗora su kan RCD mai miliamfiya 30, wadda ke yanke wuta nan take in ta fara bi ta inda bai kamata ba.

Amma abin da na fi jin daɗinsa ƙarami ne. Maɗauran da ya sa suna ɗaga fayif ɗin kaɗan daga bango, tsumma na shiga ta baya. Wanda bai taɓa kankare maiƙon da ya daskare a bayan fayif ba ba zai gane ba, nan ne kyankyasai ke taruwa. Na'urorin da muke ja mu share ƙarƙashinsu kuma ya haɗa su da fayif mai lanƙwasuwa wanda ruwa ba ya shiga.

Inda na ga gazawa guda biyu ne. Kwana uku ya ce min, aikin ya ci shida, kuma duk kwanakin kicin a rufe, wannan ya taɓa ni sosai. Na biyu, fayif ɗin da ya shiga ɗakin sanyi bai toshe cikinsa ba, iskar kicin mai ɗumi tana bi ta ciki ta haɗu da sanyi ta zama ruwa, bayan wata biyu muka ga yana ɗiga daga fitilar ɗakin. Na kira shi, bai yi musu ba, ya zo ya busar ya toshe, ya kuma canza akwatin kusa da wajen wanke-wanke ya sa mai lamba IP65 da feshin ruwa ba ya ratsa shi. Da tun farko ya kamata ya sa shi, na faɗa masa haka.

Tun daga nan bireka ba ta sake faɗuwa ba, sai in ni na danna maɓallin gwajin RCD ɗin, kamar yadda ya ce in riƙa yi lokaci-lokaci. Ya bar min zanen layukan a takarda da lamba a kan kowace bireka, na manna a cikin ƙofar akwatin wutar.